Subiyar da Muka Zubar a Mansur

Tun da na dawo daga Umara, duk wanda ya kawo niƙa injina sai ya tambaye ni yaya Makka take. Nakan ce lafiya lau, in ba shi dabino biyu ya tafi. Abokan zamana na bakin masallaci ne suka ƙi yarda da wannan amsa. Sun ce mutum ba ya yin tafiya mai nisa haka ya dawo da "lafiya lau" kaɗai. To ga shi na rubuta. Karatuna bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da yadda ya zo.

Sunana Isyaku, ina da injin niƙa a Funtuwa. Nura, mijin 'yata Rabi, shi ya biya mana kujera ni da mahaifinsa, Malam Hamisu, muka tafi Umarar azumi. Malam Hamisu limamin unguwarsu ne, kuma mutum ne da ba ya ɗaukar wasa a kan addini. Kafin ya yarda ɗansa ya auri Rabi sai da ya aika aka binciki gidana har sau biyu. Masu binciken suka koma suka ce masa ni mai injin niƙa ne, ba na fashin jam'i. Gaskiya suka faɗa. Sai dai bincikensu bai kai Jos ba, inda na yi ƙuruciyata.

Mun bar Funtuwa da hantsi, muka kwana Kano, washegari muka ɗaura harami a filin jirgi. Ni ban taɓa shiga jirgi ba. Da aka zo rabon abinci, ma'aikaciyar ta ce matafiyi yana da sauƙi, wanda zai ci ya karɓa. Malam Hamisu ya ce shi yana azumi. Ni kuwa yunwa nake ji sosai, amma ba zan buɗe baki in ci shinkafa a gefen surukina yana jan carbi ba. Na ce ni ma ina azumi. Haka na yi azumin ranar, rabinsa don Allah, rabinsa don Malam Hamisu.

A Jidda akwai matakala mai tafiya da kanta. Na taka ta da ƙafa ɗaya, ta tafi da ita, ɗayar tana ƙasa. Wani Bature Musulmi, ina jin Baturke ne, ya riƙe ni ta baya, ni kuma na riƙe haramina. Bai ji Hausa ba, ban ji nasa ba, muka yi wa juna murmushi har sama.

Wurin duba fasfo aka tsayar da ni. Akwai wani gilashi da ake ɗora yatsu ya ɗauki zanensu. Na ɗora, ya ƙi. Jami'in ya shafa mini wani mai, na sake ɗorawa, ya ƙi. Ya juya hannuna yana kallon yatsun nan biyu na dama da suka yi sumul kamar bayan cokali, ya yi magana da Larabci. Malam Hamisu ya fassara mini: yana tambayar wane aiki nake yi. Na ce niƙa. Ya ɗauki na hagu, ya buga hatimi, muka wuce. Ba niƙa ne ya cinye yatsun nan ba, ruwan zafi ne. Zan zo kan wannan.

Ba zan tsaya bayanin Ka'aba ba. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba kuma bakina ba zai kai shi ba. Lokacin ana ta aikin faɗaɗa Harami, ƙarafan gini sun kewaye sama ta ko'ina. Muka yi ɗawafi cikin turereniya, muka yi sa'ayi, wani wanzami ɗan Pakistan ya aske ni kafin in gama gyara zama.

Ba a otal muka sauka ba. Malam Hamisu yana da 'yan'uwa a unguwar Mansur. Kawunsa ya tafi hajji da ƙafa tun zamanin Turawa bai dawo ba, ya bar zuri'a a can. 'Yarsa, Hajja Saude, tana nan da rai, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Ita da Malam Hamisu abokan wasa ne, ko da yake ba su taɓa ganin juna ba sai ranar. Tana ganinsa ta ce, "Wannan ne limamin ƙauyen? Na ɗauka zan ga ƙato." Ya ce, "Ke kuma an ce mini Balarabiya ce, ashe baƙa ce kamar tukunyar gidanmu." Ban taɓa jin Malam Hamisu ya yi wa wani barkwanci ba sai ran nan. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata na da rai.

Ɗanta shi ne mai gidan. Sunansa Abdulhadi, amma kowa Abu Yasir yake ce masa, don su can da sunan ɗan fari ake kiran mutum a fili, abin da mu a gida ake jin nauyinsa. A Makka aka haife shi, shekarunsa za su kai arba'in da biyar. Hausarsa rabi Larabci ce. Ni yake kira "ya ammi", wato baffa, Malam Hamisu kuma "ya hal", wato kawu. Ya ba mu ɗaki a hawa na uku, kusa da ƙofar da ke fita saman bene.

Mansur kamar wani yanki ne na gida da aka ɗauko aka ajiye tsakanin duwatsu. Bayan la'asar za ka ga mata na toya ƙosai, ga mai fura, ga tsire, wanda Larabawa ke layi su saya suna ce masa siriya. Amma a cikin gida buɗa-bakinsu daban ne. Ba kunun tsamiya. Dabino ne, da miyar alkama mai ruwa da suke kira shorba, da sambusa, da dafaffen wake da wani faffaɗan burodi. Kowa a ƙasa yake zama a ci a faranti ɗaya, uba da 'ya'ya, ba wanda ke jiran wani ya gama. Sai kuma subiya.

Subiya abin sha ne na azumi a ƙasar. Da sha'ir ake yin ta, da busasshen burodi, da kirfa da sukari. Fara ce kamar kunun zaƙi da aka tsinka, akwai kuma mai ja. A leda ake ƙulla ta da ƙanƙara, motoci na tsayawa suna saye. Hajja Saude ta yi shekaru tana yi wa gidanta. A wannan shekarar Abu Yasir ya rasa aikin tuƙin da yake yi, sai ya ce zai fara yin ta da yawa ya sayar a bakin titi. Bai taɓa yi da hannunsa ba. Uwar tana ƙasa ba ta iya hawa bene, tana faɗa masa yadda ake yi da baki, shi kuma yana sama yana yin abin da ya ga ya fi sauri.

Kwana biyu da saukarmu na hau saman bene shanya haramina, na tarar ya baza sha'ir a kan tabarma. Ina kallo na ga duk ya fitar da ɗan farin tsiro. Ya ce buhun ne ya jiƙe da ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ya kwana uku bai lura ba. "Mafi mushkila, ya ammi," in ji shi, wato ba matsala, "rana za ta busar da shi." Na ce haka ne. Na sauko.

A nan dole in koma Jos.

Ina ɗan shekara ashirin da biyu na samu aikin kuku a gidan wani Bature mai aikin kuza. Mai Lofe muke ce masa. Ba ya son giyar kwalba, tasa yake yi a kicin, kuma ni ne hannunsa. Kayan aikin ba su da yawa: babbar tukunya ɗaya, da rigar matashi, da duro mai murfi. Hatsin da ya yi tsiro aka busar, shi ake ɓarzawa a zuba cikin rigar matashin, a nutsa ta cikin ruwan zafi wanda bai tafasa ba, a lulluɓe tukunyar da bargo kamar awa ɗaya. Sai a ɗaga jakar a rataye ta tsiyaye. Ruwan da ya fito zaƙi ne da shi kamar an zuba zuma, alhali ba a sa komai ba. Ranar farko abin ya ba ni mamaki ƙwarai. A tafasa shi da wani ganye mai ɗaci da ake aiko masa daga ƙasarsu, a huce, a sa yis, a rufe. Bayan kwana biyu za ka ji duron yana numfashi.

Da Mai Lofe ya koma ƙasarsu ya bar mini tukunyar. Ma'aunin zafinsa ya fashe, na koma aunawa da yatsa. Sha'ir ya ƙare, na koma dawa. Na kama ɗaki a bayan kasuwa na yi shekara goma sha ɗaya ina yi ina sayarwa. Ni ban sha ba, kuma da wannan nake lallashin kaina. Ina salla, ina azumi, in an sha ruwa in koma kan tukunya. Da yake ba na sha, ina bukatar mai ɗanɗana mini. Ƙanena Sabo ya zo daga gida neman aiki, saurayi mai ƙarfi, na ce ya riƙa taɓawa da harshe kawai ya gaya mini ko ta yi. Daga harshe ya koma kofi. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya, cikinsa a kumbure. Na gaya wa mahaifiyarmu shawara ce. Bayan sadakar bakwai na bar tukunyar a ɗakin, na hau mota zuwa Funtuwa inda ba wanda ya san ni. Ko matata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sani ba.

Saboda haka da na ga tsiron nan a kan tabarmar Abu Yasir, na san abin da nake kallo.

Washegari da safe ya ɓarza sha'irin ya zuba a wata jaka ta farin yadi. Uwarsa ta ce a jiƙa a ruwan sanyi a bar shi ya kwana. Shi ya ce wannan ɓata lokaci ne, ya ɗora tukunya ya zafafa ruwa, ya nutsa jakar, ya rufe. Ina zaune a inuwar tanki ina kallo. Da ya tafi ɗauko wani abu na tashi na tsoma yatsa. Daidai yake da yadda Mai Lofe ke so, kamar an auna. Ya dawo ya ɗaga jakar, ya matse, ya juye ruwan a wani shuɗin duro na roba, ya ƙara burodi da zabibi da sukari mai yawa, ya rufe, ya bar shi nan saman bene. Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da rana.

Na ce masa, "Da ka saukar da shi ƙasa inda ke da sanyi."

Ya ce, "Ba wuri, ya ammi. Bukra in sha Allah zan ƙulla."

Ban ƙara ba. In na ƙara, za a tambaye ni inda na sani.

Bukra, wato gobe, ba ta yiwu ba, domin injin sanyin da ya yi odarsa bai iso ba. Jibi ma haka. Ni kuwa ina zuwa Harami tare da Malam Hamisu, muna salla, muna dawowa, in na kwanta ƙailula ina jin duron nan ta bayan bango. Ba ƙara yake yi sosai ba. Ɗan huci ne da murfin ke saki lokaci zuwa lokaci. Wanda bai sani ba ba zai ji ba.

A rana ta huɗu bayan la'asar injin ya iso. Abu Yasir ya kira mu mu ga fara sana'arsa, mu sa albarka. Ya ɗauko ledoji da mazurari. Ya ce ƙullin farko ba na sayarwa ba ne, sadaka ce za a kai masallacin bakin layi mutane su buɗe baki da ita. Malam Hamisu ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce shi da kansa zai ɗauka ya kai.

Aka buɗe murfin. Kumfa ta taru a sama, launin ƙasa-ƙasa, ta bar zobe a jikin duron. Warin ya bugo ni. Shekara talatin da wani abu rabona da shi, amma ban yi shakka ba ko kaɗan.

Malam Hamisu ya ɗan ja da baya ya ce, "Tana da ƙarfi."

Abu Yasir ya ce, "Haka take, ya hal. Subiya sai da ɗan tsami. In ta sha ƙanƙara, halas, shi ke nan."

Su biyun nan ba wanda ya taɓa jin warin giya a rayuwarsa. Ɗaya a Makka aka haife shi, ɗaya a zauren karatu ya girma. Kuma dukkanmu muna azumi, ba mai kurɓa ya ji. Abu Yasir ya cika leda ta farko ya ƙulle, ya miƙa wa Malam Hamisu. Saura kamar awa ɗaya a kira salla.

Na yi tunanin Rabi. Tana zaune lafiya a gidan mutanen nan da 'ya'yanta uku, ana ganin girmanta a matsayin 'yar mai injin niƙa. Na kuma yi tunanin layin mutanen da ke zama a masallacin nan kullum, leburori da masu shara, kowa da dabinonsa a hannu yana jiran kiran salla.

Na ce, "Malam, ajiye ledar nan. Wannan ba subiya ba ce yanzu. Giya ce."

Abu Yasir ya yi dariya. "A'uzu billahi! Ya ammi, a Makka? Sha'ir ne da sukari, da hannuna na zuba."

Na ce, "Ita ma da su ake yin ta."

Na karɓi ashanar da yake kunna murhu da ita, na kyasta, na saukar da ita a hankali cikin bakin duron. Tun ba ta kai ga kumfar ba ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Na ce masa tsiron da sha'irin ya yi, da ruwan zafin, da kwana ukun da ta yi a rufe cikin rana, ko da gangan mutum yake so ya yi ta, iyakar abin da zai yi ke nan. Kofi biyu za su juyar da kan wanda ya wuni da azumi.

Malam Hamisu bai kalli ashanar ba, ni yake kallo. Ya ce, "Malam Isyaku, ashana ba hujja ba ce. Dukiyar bawan Allah ce za a zubar. Kai ina ka san warin giya?"

Na ce, "Na yi shekara goma sha ɗaya ina dafa ta ina sayarwa a Jos. Da jaka irin wannan. Ita ta kashe ƙanena, kuma ni na fara ba shi."

Can ƙasa ana ta hon ɗin motoci. Malam Hamisu ya sunkuya ya ajiye ledar a ƙasa, ya goge hannunsa a jikin rigarsa.

Abu Yasir ne ya fara farfaɗowa, kuma tsoro ne ya kama shi. Ya ce da an kai wannan masallaci, ko da 'yan baladiyya masu duba abinci sun ɗauki leda ɗaya, da ya gama yawo a garin nan, shi da iyalinsa. Muka kama duron ni da shi muka tuntsurar a magudanar bene. Warin ya gangara har ƙasa. Hajja Saude ta ɗago murya daga tsakar gida: "Me kuka kashe a sama?" Da ɗanta ya sauka ya gaya mata, bai ɓoye labarina ba. Ta ce a kira ni. Na tsaya a bakin ƙofarta. Ta dube ni ta ce, "To, kai da ka san inda take lalacewa, gobe sai ka tsaya masa a kai. Wannan jakin ba ya jin maganata." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Haka aka yi. Aka sayo sabon sha'ir wanda bai yi tsiro ba. Na wanke duron da ruwan zafi sau uku. Muka jiƙa jakar a ruwan sanyi a ɗakin ƙasa, kwana ɗaya tak, ba sukari sai da aka tace, daga nan kai tsaye cikin injin sanyi. Na ce masa abin da bai ƙare a ranar ba kada ya kai shi gobe. Na nuna masa irin kumfar da zai gani ya san ta fara juyawa. Hannuna bai manta yadda ake murɗa jaka ba, har Abu Yasir ya ce, "Ma sha Allah, mu'allim." Ban ji daɗin yabon ba.

Kwana biyu Malam Hamisu bai yi mini magana ba, ban da sallama. Muna tafiya Harami tare, muna dawowa tare, kowa da carbinsa. Ban nemi ya ce wani abu ba.

A rana ta uku muna zaune a kan shimfiɗar buɗa-baki, Abu Yasir ya kawo sabuwar subiyar a jug ya ajiye. Aka kira salla. Kowa ya ci dabino. Malam Hamisu ya ɗauki jug ɗin ya zuba a kofi, amma bai sha ba. Ya miƙo mini ya ce, "Shinshina."

Na shinshina. Na ce, "Wannan lafiya take."

Ya karɓa ya riƙe. Ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Da na san wannan lokacin neman auren Rabi, da ban yarda ba."

Na ce, "Na sani, Malam."

Ya ce, "Kuma da ban yarda ba, da ba ka zo nan ba. Da ni na ɗauki ledar nan da hannuna na kai wa masu azumi." Ya yi bisimilla ya shanye. Hajja Saude ta ce, "Limamin ƙauye ya sha subiya, sai a rubuta." Ya ce mata sukarin ya yi yawa.

Sauran kwanakin ba wani abin faɗa. Mun je Madina a mota, mun dawo, a Jidda gilashin nan ya sake ƙin yatsuna na dama. A cikin jirgi Malam Hamisu ya ce mini maganar ta tsaya a saman benen, ba zai gaya wa kowa ba, ko Nura. Na yi masa godiya. Ya cika alkawari.

Ni ne ban iya riƙewa ba. Mako guda da dawowa na je gidan Rabi na gaya mata da bakina. Ta yi kuka, ta tambaye ni sunan baffan nata da ba ta taɓa jin labarinsa ba. Na ce Sabo. Yanzu in ta idar da salla tana sa shi a addu'a.

Ku da kuke tambayata yaya Makka take, abin da na gani ke nan. Wanda zai ci gaba da kawo niƙa, injin yana nan inda yake.